Ɗan Tambuwal da Ɗan Kebbe, Ku Shiga Laburare

Ya kai ɗalibin da ya baro Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Kuchi ta ƙasar Kebbe, ya hau mota ya ratsa Shagari da Boɗinga har Sakkwato: a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, akwai ginin da yaranmu da yawa ke wucewa ta gabansa shekara huɗu ba su leƙa ba. Shi ne laburaren Abdullahi Fodiyo. Tsoro ke hana su, wai kada a ce baƙauye ya zo.

To, wane ƙauyanci? Wanda aka sa wa ginin sunansa a nan yankinmu ya zauna, a Boɗinga da Gwandu, ya kuwa bar littattafai irin su Liya'ul Hukkami da tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Sarautar Tambuwal kanta ta gidan Muhammadu Buhari ɗan Shehu ce, malami mai alƙalami. Wanda ya tashi yana ganin gafaka rataye a zauren malam ba baƙon littafi ba ne.

Ga yadda ake shiga. A bakin ƙofa za ka nuna katinka, ka ajiye jaka. Kada ka ji haushi in an duba ka wajen fita, kowa haka ake yi masa. Daga nan abin da ya fi kome muhimmanci shi ne lamba. Kowane littafi yana da lamba a gadon bayansa, kantoci kuma bisa lambobin aka jera su, kamar yadda kasuwa ke da layin 'yan hatsi dabam, na 'yan albasa dabam. Sai ka nemi sunan marubuci ko na littafin a kwamfuta ko a akwatin kati, ka rubuta lambar a takarda, ka bi ta. In ka gama karatu, bar littafin a kan tebur, ma'aikata su mayar. Littafin da aka soke a kantar da ba tasa ba ya ɓata ke nan, ko da yana cikin ginin. Masu ɓoye littafi da gangan don kada abokan ajinsu su samu lokacin jarrabawa kuwa, wannan mugunta ce, ba wayo ba.

Akwai littattafan aro, a kai su ɗaki, a dawo da su ran da aka buga a ciki, in an makara a biya tara. Akwai waɗanda ba sa fita, kamar ƙamus. Akwai jaridu da mujallu da kundayen waɗanda suka gama digiri. Mai son rubutu a kan noman fadama ko tarihin garinsu ya fara dubawa nan. Sashen intanet kuma yana buɗe maka mujallun da jami'a ke biya wa kuɗi, waɗanda wayarka ba za ta ba ka kyauta ba.

A zauren karatu ba a ɗaga murya. Mu da muka saba karanta allo da ƙarfi, wannan shirun yakan yi mana nauyi a makon farko, sannan a saba. Kashe ƙarar waya, ƙuli-ƙuli ya jira a waje.

In ka rasa kan wurin, je ka wurin ma'aikacin da ke zaune a tebur, ka gaishe shi, ka ce, "Malam, wannan lambar nake nema."