Tsame nama daga miya bai wadatar ba

Wanda ya sauka Ingila karatu ko aiki ba zai daɗe ba zai haɗu da mutumin da ba ya cin nama, ko a ofis, ko a kicin ɗin da ɗalibai ke girki tare. Abin ya daɗe a ƙasar, domin tun 1847 aka kafa ƙungiyar marasa cin nama, a 1944 kuma aka kafa ta waɗanda suka ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, har madara da ƙwai da zuma. Ga kuma Indiyawa mabiya Hindu da Jain, musamman a Leicester, inda da yawansu suka zauna bayan Idi Amin ya kore su daga Yuganda a 1972. A wajen waɗannan, maganar ta addini ce.

Kuskuren da mutanenmu suka fi yi, da kyakkyawar niyya kuwa, shi ne a dafa miya da nama, in baƙo ya ce ba ya ci sai a tsame tsokar a zuba masa romon. A wajen mafi yawansu wannan miyar ta nama ce. Ka auna da kanka: da za a tsame naman alade daga tukunya a miƙo maka sauran, hannunka ba zai shiga ba. To haka yake ji, kuma ya cancanci a kiyaye masa kamar yadda kake so a kiyaye maka.

Naman da ido ke gani ma shi ne mai sauƙi. Wanda ke ɓuya ya fi yawa: ɗunƙulen ɗanɗano mai kaza, romon da aka dafa shinkafa da shi, busasshen kifin da aka daka a miyar kuka, man da aka soya kaza a ciki sannan aka jefa dankali, da ludayi ɗaya da ke yawo tsakanin tukwane biyu. Daddawa ba ta da laifi, tunda daga kalwa take. Man shanu da nono suna halatta ga wasu, amma banda masu guje wa duk abin dabba. Indiyawa da yawa suna lissafa ƙwai cikin nama, mabiya Jain kuma da dama ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali.

Ba duka suke da tsanani ɗaya ba. Wani bai damu ba in an gasa masara a gefen tsire, wani kuwa ko tukunyar da ta taɓa ganin nama ba ya so. Don haka ka tambaya tun ranar gayyata, a can ba abin kunya ba ne, suna ma jin daɗi. In murhun gashi ɗaya ne, ka raba faranti, nasa a sama, don kada kitse ya ɗiga masa. A kicin ɗin haɗaka kuma kada ka ɗauki kaskon wani ka soya nama sai da izininsa.

Abincinmu bai gaza ba a nan. Ƙosai, ɗan wake, awara, waina da miyar taushe marar nama, kwaɗon zogale, duk za su ci su yaba. Sai dai ka faɗa in akwai ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, domin akwai waɗanda gyaɗa ke iya kai su asibiti, har ta yi kisa.

In ka gano an yi kuskure bayan an zuba, ka faɗa masa nan take. Ɓoyewa cin amana ne, ko da ba zai taɓa sani ba. Kuma ka rage irin nacinmu na karamci, a yi ta cewa ɗanɗana ko yanka ɗaya. In ya ce a'a sau ɗaya, ka bar shi.

Wannan al'ada ta ƙin cin nama tana da amfani gare ka a kanti. Kayan da aka rubuta cewa sun dace da marasa cin nama ba su da kitsen alade ko sinadarin da ake samu daga fata da ƙashinsa, wanda ake sa wa alewa da yawa. Amma rubutun bai hana giya ba, don haka sai ka karanta jerin abubuwan da ke ciki kafin ka saya.