Icce ya tsiro bakin rijiya: ɓaure ne ko danginsa?

Wani manomi daga wajen Madarumfa ya aiko mana da tambaya. Ya ce icce ya tsiro a tsagar simintin rijiyar garkarsa, ba shi ya shuka ba. Maƙwabta sun ce ɓaure ne, ya bar shi ya ci ɗiya. Shi kuwa bai yarda ba.

Manoma, ga yadda za ku gane. Da farko ku tsinke kunne guda. In farin ruwa mai danƙo kamar nono ya fito, ku nemi ɗan iccen ku tsaga. Hausawa sun ce mai son cin ɓaure kada ya tona cikinsa, amma yau sai mun tona. Za ku tarar da kogo, cike da ƙananan iri, wani lokaci da ƙwari. Ƙwarin nan ba ɓarna suke ba. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, ƙwarin ke shiga ta ɗan ramin da ke ƙasa su kai garin fure, in babu su iri ba ya ƙosawa. Duk iccen da ya haɗa nonon nan da kogon nan, dangin ɓaure ne. Saura a san wane ne.

Ku shafa kunnen da yatsa. Na ɓaure kusan kewayayye ne, yana da kaushi sosai. Bawon jikinsa fari-fari ne mai ratsin rawaya, ɗansa babba, mai gashi-gashi, yakan yi ja in ya nuna. Yana son wurin da ruwa ke kusa, shi ya sa kuke ganinsa bakin gulbin Maraɗi da koramun Damagaram. Bisashe suna cin kunnensa da ɗiyan da suka zuba.

In kunnen ya fi tafin hannu biyu girma, bawon kuma ja-ja ne, gamji ne. Babban icce, amma ɗiyansa ƙanana, kowane da dogon ƙusuri.

Cediya da durumi su ne mutane suka fi rikitawa, don duka biyu kunnensu sumul ne mai ƙyalli, duka biyu kuma ana kafa su ƙofar gida don inuwa. Ku dubi bakin kunnen. Na durumi faffaɗa ne daga gindi, da dogon tsini a baki, ɗiyansa kuwa manya, suna fitowa cunkus a jikin tsofaffin rassa. Na cediya ƙarami ne, ɗiyanta ba su wuce gujiya ba, suna manne a hammatar kunne, sau da yawa biyu-biyu. In ta girma saiwoyi kan sauko daga rassa kamar gemu.

Wanda Larabawa ke kira tin ba shi da wuyar ganewa: kunnensa a tsage yake kamar yatsun hannu, kuma sai an dasa shi a garka.

Kada ku yanke hukunci da kunnen ɗan tsiro kaɗai, don yakan bambanta da na babban icce. In kun rasa, ku yanko reshe mai kunne da ɗiya ku kai wa ma'aikacin gandun daji na gundumarku.

Mai tambayarmu ya ce kunnen nasa ƙarami ne, sumul. To, ba ɓaure ba ne. Bisa ga alama cediya ce, tsuntsu ya kawo irin cikin kashinsa. Haka take hawa giginya har ta shaƙe ta. Amma malam, ko da ɓauren ne, bakin rijiya ba wurinsa ba ne. Saiwar dangin nan tana bin ruwa, tana faɗaɗa tsaga har siminti ya rushe. Ka tumɓuke shi yanzu da saiwarsa, ka liƙe tsagar. In inuwa kake so, ka saro reshen cediya mai tsawon mita 2 farkon damana, ka kafa shi nesa da rijiya da katanga, aƙalla taki 20, ka yi masa shinge don awaki.