Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Windows da Linux

Wani mai sauraronmu daga unguwar Badariya a Birnin Kebbi yana tambaya ko sabon shiga zai iya cire Windows ya sa Linux a kwamfutarsa ta gida.

To Malam, za ka iya. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya dakatar da kulawar da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Linux Mint, wadda nau'i ce ta Linux, kyauta ce, kuma ba ta yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi. Fara kwashe hotunanka da takardunka ka adana a wani wuri. Sannan ka ɗora Mint a filas, ka gwada ta ba tare da goge komai ba. In intanet da firinta sun yi aiki, sai ka girka ta. Amma ka tabbatar batir ya cika, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Bayan ka girka, manhajar LibreOffice za ta buɗe maka takardun Word.