Darasi Ga Maniyyata: Waya A Hannun Alhaji

'Yan uwa maniyyata na yankin Gwarzo da Kabo, da iyalansu da ke bibiyar wannan shafi, yau darasinmu a kan wani abu ne da ba kasafai ake tsayawa a kansa a wajen bita ba, alhali yana tare da alhaji tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano har ya dawo: wayar hannu.

Mu fara da asali. Imam Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas cewa mutanen Yaman sun kasance suna fitowa Hajji ba guzuri, suna cewa su masu tawakkali ne, sai sun isa Makka su koma roƙon mutane. A kan haka umarnin yin guzuri ya sauka a aya ta 197 cikin Suratul Baƙara. Malamai suka ce guzuri shi ne duk abin da zai hana ka zama nauyi a kan wani. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, suka yi shekaru kafin su tsallaka teku, nasu guzurin jaki ne da tsaba da sana'ar hannu. Yau waya ta shiga cikin guzuri, domin wanda bai shirya tasa ba, shi ne zai yi ta tare mutane a bakin masauki: don Allah a ara mini na kira gida.

To mene ne shirin? Ka yi shi tun kana Getso ko Garo, kada ka bari sai ranar da aka kira ku sansani. Layinka na Najeriya kada ka bar wa yara a gida, domin da shi banki ke turo maka lambar sirri idan za ka cire kuɗi ko ka tura. Ka je ofishin kamfanin layin a buɗe maka shi yadda zai yi aiki a waje, amma ka kashe data a kansa, saboda kuɗin data na layin gida a ƙasar waje yana cinye kati kafin ka farga. Idan ka sauka Madina ko Jidda, ka sayi layin can, STC ko Mobily ko Zain, da fasfonka da yatsanka. Kada ka yarda wani ya yi rajistar layi da fasfonka ya riƙe, duk abin da aka aikata da layin sunanka ne a kai. WhatsApp ɗinka kuma zai ci gaba da aiki da lambarka ta gida ko da ka sa sabon layi, kada ka taɓa shi. Sai dai kiran murya ta WhatsApp yakan ƙi shiga a can, shi ya sa alhazai da yawa ke sa Imo, su kuma sa wa iyalansu tun kafin su tashi.

Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Batirin ko-ta-kwana kuwa, a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin babbar jakar da za a auna ba. Kuma ka tuna Saudiyya ta riga mu da awa 2. Idan manhajar lokutan sallarka tana nan a kan Kano, za ta yi maka kiran asuba rana ta riga ta fito. Ka sauya mata gari, ko ma ka bar ta ka bi ladanin Harami, ya fi.

Akwai manhajar Nusuk, wadda ta cikinta ake neman izinin shiga Rauda a masallacin Annabi (SAW). Akwai kuma katin Nusuk da aka wajabta wa kowane alhaji tun Hajjin 2024. A shekarar 2024 ɗin, zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji, ba su da tanti ba su da mota. Darasin da ke ciki ga mai izini ma shi ne ɓata hanya a wannan rana ba wasa ba ne. Tantunan Mina duk kamarsu ɗaya. Don haka ranar da kuka isa, ka sa wani yaro ya ajiye maka wurin tantinku da masaukinku a taswirar waya, ka ɗauki hoton allon ƙofa. Lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce. Sannan ka rubuta lambar jagoranku da sunan masauki a takarda ka sa a jakar wuya, domin waya takan mutu da zafi daidai lokacin da kake nemanta. Ku matasa, wannan aikinku ne a kan dattawa da hajiyoyin da ba su iya latsa waya ba, kuma ladansa ba ƙarami ba ne.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya. Waya tana iya tsare jikin alhaji, tana kuma iya cinye masa Hajjin. Mutum ya sayar da shanu, ko ya jinginar da gona, ya yi shekaru yana adashi, ya tara miliyoyi, sai ga shi gaban Ka'aba ya juya mata baya yana gyara harami don hoto ya yi kyau. Ya ɗaga hannu kamar mai addu'a, ba addu'ar yake ba, jira yake a ɗauka. Subhanallah! Ibn Majah ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi Hajji a kan tsohon sirdi da mayafi mai araha, yana roƙon Allah Ya sa Hajjin ya zama babu riya babu neman a ji. Shi ke nan, wanda aka gafarta masa. Ina ni, ina kai?

Ban ce duk wanda ya ɗauki hoto mai riya ne ba. Zuciya ta Allah ce, kuma malamai sun yi saɓani a kan hoton waya, da yawansu sun halatta. Uwa tana Kutama tana son ta ga ɗanta ya isa lafiya, ka tura mata, ba laifi. Amma ka gwada kanka da tambaya guda: bayan na ɗora, ina komawa ina ƙirga mutum nawa suka gani? Idan amsar eh ce, ka san akwai gyara. Kuma ɗaukar matan mutane da marasa lafiya ba da izininsu ba, haramun ne a shari'a, laifi ne kuma a dokar ƙasar.

Magana a cikin ɗawafi ba ta ɓata shi, amma malamanmu sun ƙi a yawaita ta ba buƙata. To ina ga wanda ya yi zagaye bakwai yana kiran bidiyo, yana cewa “Hajiya kin ga Hajarul Aswad?” Haka ranar Arfa. Daga zawali zuwa faɗuwar rana awoyi ne kaɗan, su ne zuciyar Hajji, wani kuma ba zai sake ganinsu ba har ya mutu. Shawarata, ka gaya wa mutanen gida tun daren takwas ga wata cewa gobe ba za su ji ka ba sai dare, su turo buƙatun addu'arsu tun yanzu. Ka rufe sautin wayar ka bar ta don gaggawa kawai. Karanta Alƙur'ani ko addu'o'i daga waya ya halatta, amma manhajojin da ke cewa ga addu'ar zagaye na ɗaya, ga ta na biyu, wannan rabon ba shi da asali. Abin da ya tabbata shi ne addu'ar aya ta 201 ta Baƙara tsakanin Rukunul Yamani da Hajarul Aswad, sauran ka roƙi Allah da Hausarka.

Sai batun labarin mutuwa. Waɗanda suka tuna turmutsutsun Mina na 2015 sun san halin da iyalai suka shiga, ana ta yawo da sunaye da hotuna ba tabbaci. Idan ɗan tawagarku ya rasu ko ya ɓata, ba kai ne za ka sa shi a zauren WhatsApp na gari ba. Ka sanar da jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku, shi ya isar wa Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano, a nemi wani babba ya je gidan da ƙafarsa. Ku ma na gida, duk wanda ya kira da baƙuwar lamba ya ce alhajinku yana cikin matsala a turo kuɗi, kada ku tura sisi sai kun ji muryarsa, ko kun tuntuɓi ofishin alhazai na Gwarzo ko Kabo.

Darasi na gaba, in Allah Ya yarda, a kan ɗaukar harami ne ga wanda jirginsa ya sauka Jidda da wanda ya fara da Madina. Wallahu a'alam.