Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Motar Haƙa Ƙasa

Garin Potiskum da ke Jihar Yobe ya yi suna wajen abu biyu: babbar kasuwar shanu, da manyan motocin ɗaukar kaya masu bin hanyar Kano zuwa Maiduguri. Inda motoci suka yawaita kuwa, ba a rasa makanikai da masu walda. Duk da haka, akan tarar da motar haƙa ƙasa a yashe a bayan gareji ko harabar ma'aikata, ciyawa ta rufe tayoyinta, alhali magudanun ruwa sun cushe, tafkunan shayar da dabbobi kuma sun cike da laka. Wannan asara ce ga jama'a, domin da yawa daga cikin motocin nan ba su mutu ba. Kulawa kawai suka rasa.

Asalin motar

Motar tana da ƙirar tarakta. A gabanta akwai faffaɗan bokiti na kwasar ƙasa, a bayanta kuma dogon hannu na haƙa rami. Kamfanin JCB na ƙasar Ingila, wanda Joseph Cyril Bamford ya kafa a 1945, ya fito da irinta a 1953. Kamfanin Case na Amurka ya fito da tasa a 1957. Samfurin JCB mai suna 3CX ya fito a 1980, ya kuwa bazu a duniya har mutane suka riƙa kiran kowace irinta JCB. Injin gas ne yake juya famfo, famfon ya tura mai cikin tiyo da ƙarfi, man kuma ya motsa hannu da bokiti.

Mataki na farko: bincike

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, wajibi ne a san mai motar. Kayan hukuma ba ya zama na mutum sai ta hanyar gwanjo da takarda. Daga nan a nemi farantin lamba da ke jikin motar da na injin, a rubuta lambobin, domin da su ake sayen kayan gyaran da suka dace. Sai a duba gangar jikinta da gindin hannun. Idan ƙarfen ya tsage ko an sha yi masa walda, kuɗin gyara na iya wuce darajar motar.

Mataki na biyu: injin

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kawo sabon batir a murza makulli nan take. Injin da ya shekara a kwance mansa ya tsiyaye, cikinsa ya bushe, tashi ɗaya na iya lalata shi. Sannu ba ta hana zuwa. Ga tsarin da ya kamata a bi:

1. A zare sandar awon mai. Idan baƙin mai ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga injin, sai an buɗe shi.
2. A juya injin da hannu, da sifana. Idan ya ƙi juyawa kada a tilasta masa.
3. A zubar da tsohon gas, a wanke tanki, domin ruwa da datti sukan taru a gindinsa.
4. A sa sabon baƙin mai da sababbin matatun mai, a fitar da iskar da ta shiga hanyar gas.
5. A wanke lagireto, a sake matatar iska. Ƙurar hunturu a wannan yanki tana cinye injin kamar yadda dutse ke cin wuƙa.

Idan injin ya tashi, a lura da hayaƙinsa. Baƙi yana nuna gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi yana nuna injin na ƙona baƙin mai. Fari wanda ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, sau da yawa alamar ruwa ce.

Mataki na uku: hannu da bokiti

Tsabta ita ce ran wannan sashe. Ƙwayar yashi kaɗan cikin mai ta isa ta kashe famfo. Saboda haka a goge bakin kowane tiyo kafin a kwance shi, a toshe shi da abu mai tsabta. Duk tiyon da rana ta busar ya tsattsage a sake shi. A gyara silindar da ke yoyo, a sa giris a kowace gaɓa. A tabbatar birki yana kamawa kafin motar ta hau titi. Fenti shi ne aikin ƙarshe.

Gargaɗi

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin bokitin da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe, domin tiyo ɗaya ya fashe, bokitin zai faɗo. Kada a laluba yoyo da hannu, gama man yana fita da ƙarfin da zai huda fata. A yi amfani da guntun kwali. Wanda man ya huda a kai shi asibiti nan da nan, ko da raunin ƙarami ne. A kuma nisanta yara daga wurin aiki.

Bayan gyara

A tanadi littafi a riƙa rubuta awoyin aiki da ranar sake mai. Direba ya duba ruwa da mai kowace safiya, ya sa giris kullum. Ya fi kyau a gama gyara da rani, yadda motar za ta yashe magudanu da tafkuna kafin saukar damina. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a tayar da injin da ya daɗe a kwance nan take?
2. Me shuɗin hayaƙi yake nunawa?
3. Yaya ake neman yoyon mai ba tare da haɗari ba?