Yadda Hali Ya Ke Shiga Jiki

Me ya sa kaji su kan sheƙo a guje da jin ƙarar kwano, tun ba su ga tsaba ba? Amsar tana da amfani gare mu, iyaye da malamai duka.

Wani masani na ƙasar Rasha, sunansa Ivan Pavlov, yana nazarin yadda ciki ya ke narkar da abinci, har aka ba shi lambar Nobel a 1904 saboda aikin nan. Ya lura karnukansa suna dalalar da miyau da jin takun mai kawo musu abinci. Sai ya yi gwaji: a kunna wani ɗan inji mai bugawa kas-kas kamar agogo, sa'an nan a ba kare nama. Da aka maimaita sau da yawa, ƙarar kaɗai ta isa ta kawo miyau. Karen bai yi shawara ba, jikinsa ne ya gama abu biyu. Idan aka yi ta kunna injin ba nama, miyau ya kan ragu har ya tsaya, ko da shi ke bayan hutu ya kan komo kaɗan.

Haka tsoro ma ya ke shiga. A 1920, a Amurka, John Watson da Rosalie Rayner suka nuna wa wani jariri farin ɓera, duk sa'anda ya taɓa shi sai su buga ƙarfe da guduma a bayansa. Ba da jimawa ba, ganin ɓeran kaɗai ya sa shi kuka. Mugun gwaji ne, yau ba za a yarda da shi ba. Amma mu lura: yaron da a ke duka kullum a kan lissafi, yana iya koyon tsoron allo da alli maimakon lissafin.

Hanya ta biyu dabam ce, gama a nan dabba ita ce ta ke fara aiki, sakamako ya biyo baya. B. F. Skinner, Ba'amurke, ya bayyana ta cikin littafinsa na 1938. Ya sa ɓera mai yunwa cikin akwati mai ɗan ƙarfe. Ɓera yana yawo ya danna ƙarfen ba da niyya ba, sai ƙwayar abinci ta faɗo. Nan da nan ya riƙa dannawa. Watau aikin da lada ta biyo bayansa da sauri, shi a kan sake.

Ga abin mamaki. Ɓeran da ya saba samu kowane dannawa, in abinci ya yanke ya kan daina da wuri. Wanda kuwa ya ke samu jefi-jefi, bai san yaushe ba, sai ya nace ƙwarai. Abin da ya ke ɗaure ɗan caca ke nan. Haka kuma yaro mai kuka a kasuwa domin alewa: idan mun hana shi sau tara, muka gaji muka saya a na goma, mun koya masa cewa kuka mai tsawo yana biya. Gobe zai ƙara tsawonsa.