Darasinmu Na Wannan Fitowa: Ranki Ma Yana Da Haƙƙi A Kanki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata damuwa da mata da yawa ke kwana da ita su tashi da ita. Malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai ɗinki, ko mai ƙullin kayan miya a cikin gida, za ki tarar kukan ɗaya ne. In tana wurin aiki hankalinta na kan jaririn da ta bari, in ta dawo gida aikin da ba ta ƙarasa ba ya hana ta sakat, in kuma ta ɗan kishingiɗa sai zuciya ta ce mata ta yi lalaci. To, wa ya ɗora mata wannan laifin? Shari'a ce, ko kuwa bakin mutane da waswasin zuciya?

Ma'aunin da Annabi (SAW) ya tabbatar

Imamul Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan uwansa Abud Darda'i (RA), sai ya tarar da matarsa ba kwalliya ba gyara, domin mijin ya juya wa duniya baya. Salmanu ya ƙi cin abinci har sai da Abud Darda'i ya karya azuminsa na nafila, da dare kuma ya yi ta mayar da shi barci har ƙarshen dare, sannan suka tashi suka yi salla. Ya sanar da shi cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa ma haka, sai ya ba kowa nasa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salmanu.

Haka nan wata rana Annabi (SAW) ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci. Aka ce ta Nana Zainab ce, tana riƙewa in ta gaji da tsayuwar salla. Ya sa aka kwance ta, ya yi umarni mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Kin ga ke nan, 'yar uwa, in har sallar nafila aka ce a dakata saboda gajiya, ina ga wanke-wanke da guga? Hutunki yana cikin haƙƙoƙin da ake so ki sauke. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sana'a da neman taimako

Mace ta nemi na kanta ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Nana Khadija (RA) 'yar kasuwa ce. Nana Zainab 'yar Jahshi (RA) tana jimar fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Imamu Muslim ya ruwaito cewa 'yar uwar mahaifiyar Jabir tana cikin idda aka so hana ta fita girbin dabinonta, Annabi (SAW) ya ba ta izini, domin wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri da shi. Matuƙar aikinki halal ne, da yardar maigida, da sutura, kuma 'ya'ya na hannun amana, ba ki da abin jin kunya.

Sannan ki dubi Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, matar Zubairu (RA). Ita ke ciyar da doki, ta ɗebo ruwa, ta ɗauko ƙwallayen dabino a ka daga gona mai nisa. Amma da bakinta ta faɗa cewa ba ta iya gasa gurasa ba, maƙwabtanta matan Ansar ke gasa mata. Ranar da mahaifinta ya aiko mata da wadda za ta ɗauke mata hidimar doki, ta ji kamar an 'yanta ta. Babu wanda ya kira ta raguwa. Annabi (SAW) kansa a hannun Halimatus Sa'adiyya ya sha nono, kuma Nana A'isha (RA) ta shaida cewa a gida yana cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma koyar da shawara tsakanin miji da mata a kan sha'anin yaye.

A ƙasarmu ma muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ce, uwa ce, malama ce. Da ta kafa 'Yan Taru ba ta ce ita kaɗai za ta zaga ƙauyuka ba. Ta naɗa jajoji, dattawan mata masu zuwa su ɗauki karatu su kai wa waɗanda raino ya tsare a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda za ki auna kanki

Nadama ta gaskiya takan nuna miki abu takamaimai da za ki gyara: kin bar salla ta fita lokaci, kin bar yaro wurin wanda ba ki amince da shi ba, ko kin huce haushin ofis a kan 'ya'ya. Wannan sai istigfari da gyara. Waswasi kuwa ba ya nuna komai, sai dai ya bar ki da nauyin ƙirji. Saboda haka ki kasa ayyukanki kashi uku.

1. Wajibi: salla a kan lokaci, haƙƙin miji, lafiya da tarbiyyar yara, da amanar aikin da ake biyan ki. Waɗannan su ne farko.

2. Abin da wani zai iya yi miki: shara, wanki, kai niƙa, raka yara Islamiyya. Ki raba su tsakanin 'ya'ya, maza da mata, da mai taya ki aiki in da hali. Ki zauna da maigida lokacin da ransa ke sake, ku yi shawarar abin da zai ɗauke miki.

3. Abin da al'ada kawai ta ɗora: zuwa kowane biki da suna, ankon kowace ƙawa, girki kala uku kullum. In kin bar wani a ciki ba ki saɓa wa Allah ba. Zumunci kan yiwu da waya da addu'a da ɗan abin hannu.

Ki san haƙƙinki, ki kula da jikinki

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana a lokacin aiki. Jihar Kaduna ta mayar da nata wata 6 a shekarar 2019, sannan a 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu. Ki tambaya, ki karɓi naki ba tare da kunya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar nono zalla har wata 6, kuma wanda kika tatsa a kofi mai tsabta da murfi zai kai sa'o'i 4 a wuri mai sanyi-sanyi, a ba jariri kafin ki dawo.

Likitoci sun ce baligi na buƙatar barcin da bai gaza sa'o'i 7 ba. In goyo ya hana ki da dare, ki rama da ƙailula. In kuma bayan haihuwa baƙin ciki da kuka da rashin sha'awar komai suka wuce mako 2, ki je asibiti. Ciwo ne mai magani, kuma ana haɗa shi da addu'a, kada a ce miki raunin imani ne.

Kafin ki kwanta, ki riƙe abin da Annabi (SAW) ya koya wa Nana Faɗima (RA) lokacin da dutsen niƙa ya sa hannunta kanta: tasbihi 33, tahmidi 33, takbiri 34. Ki gyara niyya tun da safe, sai fitarki da girkinki da barcinki duk su zama ibada. Abin da ya rage na aiki gobe ma rana ce, kuma ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta tabbatar mana Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.